Yadda Ake Gane Dutsen Kiristal Mai Kyau Kafin a Saya

Duk mai sana'ar shirya sarƙa da 'yan kunne da hannu ta san cewa a cikin shago kowane dutse ƙyalli yake yi. Fitilun da ake kunnawa a saman kanta farare ne masu ƙarfi, ko roba aka ajiye a ƙarƙashinsu sai ta yi walƙiya. Sai an kai kaya gida, an ɓata dare ana shiryawa, amarya ta sa a wuya, sannan a ga dutsen ya yi dishi-dishi. Asalin ƙyallin kiristal daga yankansa yake fitowa, kuma yanka abu ne da ido yake iya tantancewa tun kafin kuɗi su bar hannu.

Ki fara da sanin abin da kike saye. Dutsen da muke kira kiristal gilashi ne da aka narka a masana'anta, aka yanka masa fuskoki da inji, aka goge. A 1674 wani Bature a Ingila, George Ravenscroft, ya yi rajistar wani sabon gilashi, wanda daga baya ya inganta shi da dalma, ya fito da nauyi da haske fiye da na gama-gari. Dalmar tana sa gilashin ya ƙara lanƙwasa haske ya warware shi zuwa launukan bakan gizo. Dokar Turai ta 1969 ta ce sai sinadarin dalma ya kai kashi 24 cikin 100 kafin a kira gilashi kiristal mai dalma. Yanzu manyan kamfanoni sun sauya haɗi saboda illar dalma ga lafiya. Swarovski, shahararren kamfanin yanka kiristal, ya cire ta daga duwatsunsa tun 2012, ƙyallin kuma bai tafi ba.

Mataki na farko, ki fita da dutsen daga hasken shago. Ki ce wa mai kaya, "Alhaji, bari in duba a bakin ƙofa." Wanda ya yarda da kayansa ba zai hana ba. Ki zuba ƙwaya biyar ko shida a kan farin ƙyalle, ki tsaya inda rana ba ta duka kai tsaye, ki riƙa mirgina su da yatsa a hankali. Dutse mai kyau haskensa ɗaukewa yake yi ya dawo: wannan fuska ta haska wal, ta mutu, ta kusa da ita ta karɓa, kina ganin ɗigon ja da kore da shuɗi suna wucewa. Mara kyau kuwa sheƙi ɗaya yake yi a kwance, ko kin juya shi babu abin da ya sauya.

A nan ne kuma za ki raba gilashi da roba. Ki ɗora ƙwaya a kuncinki: gilashi sanyi gare shi, roba ɗumi. Ki girgiza su a tafin hannu, gilashi yana ƙara siririya, roba sai ƙwas-ƙwas.

Mataki na biyu shi ne mafi muhimmanci, don haka kada ki yi gaggawa. Ki buɗe kyamarar wayarki, ki jawo hoton kusa, ki kalli inda fuskokin dutsen suka haɗu. A yanka mai kyau layin da ke tsakanin fuska da fuska siriri ne mai kaifi, kuma inda uku ko huɗu suka haɗu, a ɗigo ɗaya tak suke haɗuwa. Idan kika ga wata fuska ta fi 'yar'uwarta faɗi, ko kusurwa ta zarce inda ya kamata ta tsaya, hasken da ya shiga dutsen zai zube ta gefe maimakon ya dawo ido. Kowace fuska kuma ta zama shafal kamar madubi, babu ƙananan zane-zane da dutsen guga ya bari. Ki nemi wani layi da yake zagaye ƙwayar daga huda zuwa huda. Idan yana nan, a cikin mazubi aka zuba gilashin aka matse, inji bai yanka shi ba. Sai ki ɗaga ƙwayar sama ki leƙa cikinta. Kumfa ko hazo ko baƙin ɗigo duk aibi ne.

Akwai wani nau'i da bai kamata a zarge shi da rashin kaifi ba. A Jamhuriyar Cek ana yin duwatsun da bayan an yanka su ake mayar da su cikin wuta, saman ya ɗan narke ya yi sumul. Gefunansu a dakushe suke da gangan, haskensu mai taushi ne, kuma ba sa cin zare. Ni kam ina son su a jigida da abin hannu na yau da kullum. Abin da ba daidai ba shi ne a sayar miki da su a kuɗin yankan inji.

Na uku, ki jera ƙwaya goma a allura ko a siririyar waya, ki kalle su ta gefe. Su yi kai ɗaya. A sarƙa mai layi guda ɗan bambanci ba ya nunawa sosai, amma idan saƙa za ki yi, musamman da ɗan dutsen nan mai tsini biyu na milimita 4 da aka fi amfani da shi, ƙwaya ɗaya da ta fi sauran tsawo ta isa ta karkatar da aikin gaba ɗaya.

Tunda suna kan allurar, ki duba hudar. Ta ratsa tsakiya sak, bakinta kuma babu ɓantarewa ko farin gari. Huda mai kaushi ita ce take yanke zare bayan sati biyu, mai saye ta dawo miki da duwatsu a ƙulle a gefen mayafi.

Sai launi. Mafi inganci shi ne wanda aka haɗa launin a cikin gilashin tun yana narke, domin ba ya kodewa. Wani kuwa farin dutse ne aka shafa wa fenti a waje ko a cikin huda. Ki sayi kaɗan ki gwada: ki jiƙa ƙwaya biyu a ruwan sabulu su kwana, da safe ki murza su da farin ƙyalle, ki kankare bakin huda da farce. Idan launi ya biyo ƙyallen, kin san amsa. Wannan daban yake da shafen nan mai launin bakan gizo da ake kira AB, wanda Swarovski ya fito da shi a 1956 tare da Christian Dior, mai zanen tufafi na Faransa. Shi siririn ƙarfe ne ake ɗorawa a saman dutsen, yawanci a gefe ɗaya. Yana da kyau ƙwarai, sai dai yana ɓoye mugun yanka, shi ya sa duwatsu masu araha suka cika zuwa da shi. In kina son sanin gaskiyar kayan wani ɗan kasuwa, ki ce ya ba ki farinsa zalla mara shafe.

Maganar suna kuma tana son hattara. Daniel Swarovski ya kafa kamfaninsa a Wattens ta ƙasar Ostiriya a 1895, bayan ya ƙirƙiro injin yankan da ya sa sunansa ya zagaye duniya. Amma a 2021 kamfanin ya daina sakin duwatsu warwara ga 'yan tireda da masu sana'ar hannu, sai ga kamfanonin da ya yi yarjejeniya da su. Saboda haka idan aka miƙo miki dogon zare cike da duwatsu a farashi mai sauƙi aka ce Swarovski ne, ki yi shakka. Kamfanin Preciosa na garin Jablonec a Cek yana nan yana sayarwa, yankansa kuma mai kyau ne. Mafi yawan abin da ke kasuwanninmu daga Sin yake zuwa, musamman daga Pujiang ta lardin Zhejiang, ta hanyar kasuwar Yiwu, kuma hawa-hawa ne. Akwai na Sin da yake tsallake duk gwajin nan. Ki saye shi da sunansa, ki sayar da shi da sunansa.

Idan kin gamsu, ki sayi duk abin da aikin zai ci a lokaci ɗaya, har da ɗan ƙari, domin launi ɗaya yakan ɗan bambanta daga wannan ɗauri zuwa wancan. Wajen shiryawa ki yi amfani da siririyar wayar ƙarfe mai rigar roba ko zare mai ƙwari, ki sa ƙananan duwatsu tsakanin manya don kada su riƙa gogar juna.

Ki kuma gaya wa mai saye yadda za ta kula da kayanta. Ta gama shafa humra da turara jiki kafin ta sa sarƙa, saboda mai da hayaƙin turaren wuta suna kwanciya a kan fuskokin dutsen su kashe haske, turaren fesawa kuma yana cin shafe. Lokacin hunturu kada ta goge shi a bushe: ƙurar tana ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi gilashi tauri, suna karce shi. Ta ɗauraye da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ta tsane da ƙyalle mai laushi, ta ajiye kowace sarƙa a jakarta daban.