Yadda Za a Shirya wa Digiri na Biyu a Fannin Harkar Kuɗi Mai Ɗorewa

Duk mai son yin digiri na biyu a wannan fanni ya fara da sanin cewa ginshiƙinsa lissafin kuɗi ne, batun muhalli kuma a kansa ake ɗora shi. Aikin masanin shi ne ya auna yadda ambaliya ko fari ko dokar rage hayaƙi za su taɓa bashin da banki ya bayar, ya kuma tantance ko aikin da ake nema wa jari ya cancanci a kira shi na kare muhalli. Don haka wanda ya karanta akanta ko tattalin arziki ba zai sha wuya ba, amma wanda ya fito daga kimiyyar muhalli ko labarin ƙasa ya kamata ya ware watanni yana koyon karanta rahoton kuɗin kamfani da ƙididdiga da aiki da Excel tun kafin ya cike fom.

Wajen zaɓen makaranta, kada sunan kwas ya ruɗi mai nema. Jami'ar Edinburgh da kwalejin Imperial ta Landan suna da digiri na shekara ɗaya da ya haɗa kuɗi da sauyin yanayi, amma ko ina ne, jerin darussa ne abin dubawa. Idan babu darasin ƙiyasta darajar kadara, da auna haɗarin bashi, da lissafin hayaƙin da kamfani ke fitarwa, to yawancin abin da za a tarar surutu ne. Wanda bai samu tallafi ba kuwa, a ganina gara ya yi digirin kuɗi ko tattalin arziki a Jami'ar Abuja ko ta Jos, ya karkata bincikensa zuwa wannan fanni, sannan ya ƙara da takardar shaidar ƙwarewa ta cibiyar CFA ta masana zuba jari ko ta ƙungiyar GARP ta masana auna haɗarin kuɗi, da a ce iyalinsa sun sayar da fili don kwas ɗin da bai tantance ba.

Takardu su ne ke cin lokaci. A nemi cikakken sakamakon jami'a da wuri, domin yakan yi watanni a ofis kafin ya fito, a tanadi shaidar yi wa ƙasa hidima, wadda jami'o'in gida ke buƙata, a kuma sanar da malamai biyu da za su rubuta wasiƙar shaida. Tallafin Chevening na Birtaniya yana neman gogewar aiki ta shekara biyu da alkawarin komawa gida, kuma ana buɗe shi ne wajen watan Agusta.

Inda mazaunin Abuja ya fi wasu sa'a shi ne batun bincike, domin hukumomin da ke riƙe da bayanan suna cikin birnin. Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idoji tara na aikin banki mai ɗorewa a 2012. A Disambar 2017 Ofishin Kula da Basussuka ya sayar da takardun lamuni na kare muhalli na naira biliyan 10.69, na farko da wata gwamnati ta fitar a Afirka, don wutar sola da dashen itatuwa, ya kuma ƙara da na biliyan 15 a 2019. Dokar Sauyin Yanayi ta zo a 2021, shekarar da Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya a Glasgow cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take shafewa ba. Wanda ya karanta waɗannan takardu da kansa zai iya rubuta bayanin dalilin neman karatu da ya bambanta da na masu cewa kawai suna ƙaunar muhalli.

Tambayar bincike ta zama ƙarama kuma mai amsuwa, kamar bin sawun kuɗin lamunin 2017 zuwa ayyukan da aka ce an yi da su, ko duba yiwuwar sukuk, wato lamuni marar ruwa bisa tsarin Musulunci, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi, ya ɗauki nauyin wutar sola a karkara. Idan za a nemi bayani daga hukuma, a tafi da wasiƙar gabatarwa daga shugaban sashe kwafi biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, domin da ita za a riƙa bibiya, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.