Yadda ake tsallaka titi a Kaduna ba tare da an kwashe ka ba

Abu na farko dai hagu ake fara dubawa, don tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, motar da za ta fara iso ka daga hagu take tahowa. Hagu, dama, sai ka sake duba hagu. Amma fa a garin nan ko titin hannu ɗaya ne ka duba duka ɓangarorin, don mai keke ko mai mashin da ya biyo wan-we ba ruwansa da 1972.

In titi mai raba hannu ne irin Ahmadu Bello Way ko bayafas ɗin Nnamdi Azikiwe, kar ka ce za ka cinye shi a gudu ɗaya. Ka tsallaka rabi, ka tsaya kan dakalin tsakiya, sannan ka duba dama ka ƙarasa. Inda akwai gadar masu ƙafa a daure a hau, gajiyar matakala ba ta kai karaya ba.

To inda aka fi samun matsala shi ne mai mota ya tsaya ya yi maka hannu wai wuce, kai kuma ka ji daɗi ka saki jiki, alhali shi layinsa kawai ya ba ka, na gefensa bai ma gan ka ba don motar farko ta kare ka, balle in bas ce ko tirela. Idan ka kai ƙarshen hancin motar ka tsaya ka leƙa tukuna. Ku haɗa ido da direban, in kansa na kan waya ka ɗauka babu kai a lissafinsa. A cire iyafis, yaro kuma a riƙe shi a tsintsiyar hannu, ba yatsu ba, fizgewa suke yi.

Malam direba, saura kai. Waɗannan fararen layukan na zebra ba ado ba ne, mutum na sa ƙafa a kai hanya ta zama tasa, burki za ka taka ba hon ba. Ka ga mota ta tsaya gaban zebra, kar ka sha gabanta, akwai abin da ta gani. Danja ta nuna ja ka tsaya bayan layi, ba ka hau kansa ka tare wa mutane wuri ba, ko da ’yan KASTLEA masu kula da dokokin hanya a jihar, ko babu.

Gudun cikin gari kilomita 50 ne a awa, kuma ko a hakan kana cin kusan mita 14 duk daƙiƙa ɗaya kafin ma ƙafarka ta kai kan burki. Shi ya sa wajen Kasuwar Gumi, ƙasan gadar Kawo, ko lokacin tashin ’yan makaranta 50 ɗin ma ya yi yawa. Bayan magariba kuma a ƙara sassautawa, mai baƙin hijabi ba a hango ta sai an zo dab, musamman lokacin hazo.

In tsautsayi ya faru, lambar ’yan Road Safety 122 ce, a kira su kafin a fara ɗaukar bidiyo.