Yadda Ake Karanta Hoton Nukiliya Na Tsokar Zuciya Ba Tare Da Ruɗu Ba

Tambayar da likita ke son hoton ya amsa guda ce: tsokar nan da ta daina motsi, ta mutu ta zama tabo ne, ko likimo ta yi saboda ƙarancin jini? Ana yi wa majinyaci allurar sinadari mai fitar da hasken nukiliya, tsokar zuciya mai rai ta ɗauke shi, ta yi haske a hoto. Ƙa'idar da aka saba ita ce, sashen da ya ɗauki fiye da kashi 50 cikin 100 na sinadarin da sashe mafi haske ya ɗauka yana da rai. Sai dai ma'aunin kwatance ne. Idan manyan jijiyoyin zuciya uku duk sun tsuke, shi kansa sashen da ake kwatantawa da shi ba lafiyayye ba ne.

Kafin ka ce wuri ya mutu, duba kaurin bangon. SPECT, wato ɗaya daga hanyoyin ɗaukar wannan hoton, ba ya bambance abin da bai kai kamar milimita 10 ba, don haka siririn bango mai rai yakan fito dishi-dishi. Nono kan tare hasken bangon gaba, tantanin da ya raba ƙirji da ciki kuma ya tare na ƙasa. A sake ɗauka majinyaci yana kwance rubda ciki, ko a gyara da hoton CT mai amfani da X-ray.

Da sinadarin taliyam-201, wanda ke sake rarrabuwa a hankali zuwa tsoka mai rai, hoton awa 4 bayan allura bai isa yanke hukunci ba. A ƙara allura ta biyu, ko a jira awa 24, ko da yake hoton na ƙarshe ba ya fita tas. Sinadarin sestamibi kuwa ba ya sake rarrabuwa sosai, shi ya sa ake ba da naitret, maganin buɗe jijiyoyin jini, kafin allurar.

Hoton nukiliya na PET da FDG, sinadari mai kama da sukari, ya fi kaifi, amma shiri ne ransa. Azumin aƙalla awa 6, sannan gulukos giram 25 zuwa 50, da insulin idan ana bukata, har sukari ya sauka tsakanin 100 da 140 mg/dL. A mai ciwon sukari, zuciya takan ci gaba da ƙona kitse, ta ƙi jan FDG, tsoka mai rai ta yi kama da matacciya. Kwanakin farko bayan toshewar jijiya kuma akasin haka ke faruwa: ƙwayoyin kumburi su zuƙe sinadarin, tabo ya yi haske.

Abin da ya fi muhimmanci, rai daban, farfaɗowa daban. Bangon da rabinsa tabo ne zai iya ɗaukar sinadari amma ya kasa motsi bayan tiyata. Binciken STICH na 2011, da aka yi a kan masu raunin zuciya, bai nuna cewa gwajin rai yana tantance waɗanda tiyatar jijiya za ta tsawaita rayuwarsu ba. Idan sakamako ya tsaya a tsaka-tsaki, a nemi hoton maganaɗisu na MRI mai gadoliniyam, sinadarin da ke haska tabo, don auna zurfin tabon.