Yadda ake gyara hoton da haske ya yi wa yawa

Kuskuren da masu koyon gyaran hoto suka fi yi shi ne, da zarar sun ga hoto ya yi fari fat, sai su ja ma'aunin Exposure, wato na hasken hoton duka, ƙasa gaba ɗaya. Nan take fuska ta dushe, inuwa ta yi baƙi ƙirin, sararin saman da ake son cetowa kuma ya koma toka-toka.

Kafin ka taɓa komai, duba irin fayil ɗin da ke hannunka. Hoton JPEG matakan haske 256 kacal yake riƙewa a kowane launi, alhali RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ta ɗauka ba tare da sarrafa shi ba, mai zurfin launi na bit 14, yana riƙe da 16,384. Duk inda ja da kore da shuɗi, launuka ukun da ke haɗa hoto, suka cika a tare, wato suka kai ƙarshen matakin haske, wurin ya ƙone, abin da ke wurin ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi. Idan kuwa launi ɗaya ne ko biyu suka cika, manhaja tana iya farfaɗo da wurin daga wanda ya rage, kuma a RAW ne aka fi samun wannan dama.

A manhajar gyaran hoto ta Lightroom, danna harafin J, wuraren da suka ƙone za su fito da ja. Ka fara da Highlights, ma'aunin wurare masu haske, kana rage shi sannu a hankali, idonka a kan gajimare ko farar riga, har sai zaren yadin ya fara bayyana. Daga nan ka riƙe maɓallin Alt ka ja Whites, ma'aunin wuraren da suka fi ko'ina fari, ƙasa: allon zai yi baƙi, ɗigon da ka gani suna haske su ne ragowar ƙunar. Ka ja har su kusa ɓacewa, amma kada ka nace sai sun ɓace duka, domin rana da ƙyallin gilashi farare ne a zahiri, wanda ya tilasta musu yin duhu kuwa tabo mai datti zai bari a hoton. Sai bayan wannan ne za ka rage Exposure, shi ma kaɗan. A ganina, duk gyaran da ya sa fatar mutum ta yi kama da toka ya wuce gona da iri, ko da saman ya yi kyau.

Idan sama kaɗai ce ta ƙone, ka keɓe ta da Linear Gradient, abin da ke gyara ɓangare ɗaya na hoto kawai, ka bar ƙasan hoton yadda yake. Lightroom na kwamfuta sai da biyan kuɗi, amma manhajojin Darktable da RawTherapee kyauta ne a kwamfuta, Snapseed ma kyauta ce a waya.

Saura ka daidaita launi, ka ɗan ƙara Contrast, wato bambancin haske da duhu, saboda rage haske yakan sa hoto ya kwanta, sannan ka adana kwafi daban ba tare da ka danne na asali ba. Hoton da launinsa ya ƙi gyaruwa kuma, mayar da shi fari da baƙi yakan rufa masa asiri.