Yadda za ki taya mai reno ciyar da yaron da wuyansa bai tsaya ba

Ƴar'uwa, in kin bar Damagaram kin tsallaka Kano ko Daura aikin sa-kai a gidan kula da yara masu buƙata ta musamman, ki tuna taya ma'aikata kika je yi, su suka san yaran.

Da farko ki gaida mai renon, ki tambaye ta: "Inna, yaya yake ci?" Sai ki wanke hannu da sabulu.

Ki zaunar da yaron bayansa a miƙe, ki tallabe ƙeyarsa, haɓarsa ta ɗan sunkuyo ƙirji. Nan ne na fi so ki natsu. Kada ki kuskura ki ɗura masa yana kwance ko kansa ya lanƙwashe baya, don kunu kan iya bin maƙogwaro ya sauka huhu. Kunu mai kauri ya fi tsararo sauƙin haɗiya ga yawancinsu, amma ki bi abin da mai renon ta ce.

Ki ɗebo rabin ƙaramin cokali, ki jira har ki ga ya haɗiye. In ya yi tari ko idonsa ya kawo ruwa, ki dakata, ki kira ta.

Bayan ya ƙoshi, ki bar shi zaune kamar minti 30 kafin a kwantar.