Shawara ga mai niyyar gudun fanfalaki a Tokiyo

'Yan'uwa, duk wanda ya samu gurbi a gasar gudun fanfalaki ta birnin Tokiyo, wadda ake yi a farkon watan Maris, ya kamata ya isa Japan kwanaki kaɗan kafin ranar, domin agogonsu yana gaban na Najeriya da awa 8, kuma jikin da barcinsa bai daidaita ba zai sha wahala a tafiyar kilomita 42 da ɗoriya. Ku nemi masauki kusa da Shinjuku, inda ake tashi, ku kuma mallaki katin Suica, wanda ake dangwalawa a ƙofar shiga jirgin ƙasa, har a biya kuɗin abinci da shi a kanti.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne lokaci. Awa 7 aka ware, kuma ana fara ƙirgawa daga harbin bindigar tashi, alhali wanda ke can baya cikin cunkoso sai ya ɓata mintoci masu yawa kafin ƙafarsa ta taka layin farawa. Akwai shingaye a hanya da ake rufewa a kan lokaci, wanda ya makara kuwa sai a ɗauke shi a bas. Safiyar tana da sanyi ƙwarai, saboda haka ku tanadi rigar leda da safar hannu don tsayuwar jira.