Darasi na Tara: Jinya a Gida Bayan Sallama Daga Asibiti

Ranar da aka sallamo majinyaci gida yakan cika da 'yan barka, ana yi masa sannu da jiki, ana addu'ar Allah ya ƙara sauƙi. Sai dai akwai cututtukan da ba a barinsu a asibiti, irin su hawan jini, ciwon sukari, ciwon zuciya da ciwon ƙoda. Likita kwantar da su kawai yake yi, hana su sake tashi kuwa aikin majinyacin ne da mutanen gidansa, musamman a makonnin farko, domin a cikinsu aka fi yin sakacin da ke mayar da mutum kan gadon da ya baro.

A ɗauki misalin wani dattijo manomi daga Kumo da aka kwantar a Gombe saboda haki da kumburin ƙafa, aka ce zuciyarsa ce ta yi rauni. Bayan kwana goma kumburin ya sauka, aka sallame shi da maganin mako biyu da katin ranar komawa. Da maganin ya ƙare sai ya ga jikinsa garau, ga kuɗin mota, ga aikin damina, ya ce komawar ba dole ba ce. Ya ci gaba da cin tuwo da miyar gida yadda aka saba haɗa ta da gishiri da dunƙule, da gwiwa ta dame shi kuma ɗansa ya sayo masa diclofenac a kemis. Ba a rufa wata ba sai ga shi yana kwana a zaune, domin da ya miƙe numfashi sai ya sarƙe. Kuɗin motar da aka ji wa tsoro bai kai kuɗin buhunan waken da aka sayar a kwanciya ta biyu ba.

Gyaran wannan yana farawa ne tun kafin a fito daga ɗakin majinyata, kuma a nan ne karatun da kuke koyo zai yi muku rana. Mai jinya ya tanadi ɗan littafi guda da biro, ya tsaya gaban ma'aikaciyar jinya ba tare da jin nauyi ba, ya ce: "Malama, don Allah ki maimaita mini sunan kowane magani da aikinsa, da lokacin da Baba zai sha, zan rubuta." Idan ta gama, ya karanta mata abin da ya rubuta ta tabbatar masa, domin mutane da yawa sukan gyaɗa kai alhali ba su fahimta ba. A shafin farko a rubuta sunan ciwon da ranar komawa da manyan baƙaƙe.

Maganin hawan jini da na sukari ba a daina su don an ji sauƙi, tunda sauƙin ma su ne suka kawo shi. A nemo wani tun saura kwana huɗu ko biyar ya ƙare, kuma idan kuɗi ne matsalar a faɗa wa likita kai tsaye, sau da yawa akwai mai araha da ke aiki iri ɗaya. A ɗaura lokacin sha da abin da ba a mantawa, kamar bayan sallar asuba ko bayan tuwon dare, a yi 'yar alama a littafi duk sanda aka sha. Maganin da ke sa yawan fitsari da safe aka fi ba da shi don kada ya hana barci. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna sa jiki ya riƙe ruwa, suna kuma wahalar da ƙoda, saboda haka mai ciwon zuciya ko ƙoda ya nisance su. Game da jiƙo da sassaƙe da 'yan dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya, a gaya wa likita gaskiyar abin da ake sha, kuma kada a ajiye ƙwayar asibiti saboda su.

Batun gishiri ya fi wuya, domin tukunya ɗaya ake ci a gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙule da kanwa da yajin tsire duk suna cikin lissafin. Dabarar ita ce uwargida ta ɗebi miyar majinyaci kafin ta zuba gishiri da dunƙule, ta gyara masa ita da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. Zai yi ƙorafi a kwanakin farko, amma harshe yana sabawa.

Mai ciwon sukari da ya sha magani ko ya yi allurar insulin bai ci abinci ba, sukarinsa na iya faɗuwa, a ga yana gumi da rawar jiki da ruɗewa. Idan na'urar auna sukari ta nuna ƙasa da 70, ko babu na'urar amma alamun sun bayyana, a dama masa sukari ƙaramin cokali uku a ruwa ya sha, sannan ya ci abinci. Idan ya suma kuwa kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti. A riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum. Zafin Maris da Afrilu yana lalata insulin, don haka inda babu wuta a sa shi cikin kwalba mai murfi, a binne ta a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Maganar azumi kuma a yi ta da likita tun watan Sha'aban.

Ba sai an zo Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ba kafin a auna jini da nauyi, ƙaramin asibitin unguwa ya wadatar. A rubuta lambobin da kwanan wata. Jinin da ke yawan kaiwa 140/90 ko sama yana buƙatar likita ya gani, haka mai ciwon zuciya da ya ƙara kilo 2 cikin kwana uku, ruwa ne ke taruwa, kada ya jira ranar kati. Karkacewar baki, mutuwar ɓarin jiki, sarƙewar magana, ciwon ƙirji ko haki a zaune kuwa ba a kwana da su a gida.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya samo ledar magani ko katin asibiti daga gidansu, ya kwafe sunan maganin da sau nawa ake sha a yini, ya zana layuka bakwai na ranakun mako, ya zo da shi aji mu karanta tare.